Mudun Yaya Sale Cikakke Ne

Wannan babin na rubuta shi ne dominku, 'ya'yana, da ku 'ya'yan yayana marigayi Sale, musamman kai Nasiru, da har yau in aka ambaci kasuwar hatsi sai ka sunkuyar da kai ka sauya zance. Kun taso kun ji ana cewa an taɓa kama ubanku Sale da tauyayyen mudu a kasuwar Daura. Ba wanda ya taɓa faɗa muku a fuska, na sani, mutanenmu sun fi ƙwarewa da faɗar irin wannan a bayan mutum. Ni kuwa tsufa ya zo, idanuna sun fara gajiya, kuma waɗanda suka san yadda abin ya faru duk sun riga ni tafiya. In ban rubuta ba, ƙaryar ce za ta zauna a matsayin tarihin gidanmu.

A lokacin ni ne shugaban wani ɗan ɗakin awo a nan Daura. Aikinmu shi ne duba sikeli da mudu da famfunan gidajen mai, mu tabbatar suna ba da abin da suka ce suna bayarwa, sannan mu buga musu hatimi. Mu biyu ne kawai, ni da mataimakina Malam Iro. Mutanen unguwa ba su taɓa gane abin da nake yi ba, shi ya sa suka laƙaba mini Haruna mai gadin duwatsu, saboda duwatsun awo na tagulla da muke ajiyewa cikin akwati mai shimfiɗar auduga. Ba a taɓa su da hannu tsirara, don gumin yatsa ma yana ƙara musu nauyi. Ba a buɗe taga. Zafin ɗakin ma sai an duba shi kafin a fara aiki, domin ƙarfe yana buɗewa in ya ji zafi. Matata Hajara, mahaifiyarku ku 'ya'yana, takan ce da ni, da ina lallaɓa ku yadda nake lallaɓa duwatsun nan, da ba wanda ya taɓa yin mura a gidanmu.

Abin da ya kamata ku gane shi ne, awo yana da isnadi kamar hadisi. Mudun ɗan kasuwa ana gwada shi da mudun da muke fita da shi kasuwa. Wanda muke fita da shi ana gwada shi da wani babba da ke kulle a ɗakinmu, wanda muke kira uban mudu. Shi kuma uban mudu, babban ɗakin awo na Legas ne ya gwada shi ya ba shi takardar shaida, su ma can akwai wanda ya gwada nasu. In aka sami tsinkewa a wuri ɗaya, duk abin da ke ƙasa ya zama zancen baka. Saboda haka muke da dokoki biyu da ban taɓa wasa da su ba. Uban mudu ba ya fita ƙofar ɗakin, 'ya'yansa ne ke yawo. Sannan mai awo ba ya gwada kayan ɗan'uwansa ko surukinsa ko abokinsa. Shi ya sa mudun Yaya Sale, Malam Iro ne ya gwada shi ya buga masa hatimi, ni ko ɗakin ban tsaya ba ranar.

Da Shari'a ta zo, ba wanda ya fi ni murna. Shekara da shekaru ina ihu a kan tauye mudu ba mai saurarona, sai ga shi rana ɗaya malamai sun ɗauki maganar a kan mumbari. Aka kafa wani kwamiti na gyaran awo a kasuwanni, aka ɗora mana shi a kai, aka ba Alhaji Badamasi shugabanci. Ba zan zalunce shi ba ko da yake ya rasu: mutum ne mai son addini, ba ya cin kuɗin kowa, ba a taɓa jin ya karɓi ko goro ba. Matsalarsa ɗaya, in ya ga abu mai kyau so yake kowa ya gani yau yau. Ya shirya taron wayar da kai a kasuwar kan iyaka ta Kwangwalam, har da baƙi daga Nijar, ya zo ɗakinmu ya ce a ba shi uban mudu ya nuna wa jama'a. Na miƙa masa ɗaya daga cikin 'ya'yan. Ya juya shi ya ga duk ya sha hannu ya dushe.

"Malam Haruna, wannan zan ɗaga a gaban manyan baƙi? Wannan da ya yi kama da kwanon tuwo na tsohuwa?"

"Ranka ya daɗe, cikinsu ɗaya ne. Uban ba ya fita."

"Mace ce shi da ke cikin kulle?"

Muka yi dariya, na ɗauka magana ta ƙare. Ranar taron ina Katsina wajen wani aiki. Alhaji ya zo da umarni daga sama, Malam Iro yana da ɗan makulli na biyu, kuma ba irin mutumin da zai iya cewa a'a ga mai babbar riga ba ne. Aka ɗaure uban mudu a bayan babur kamar ƙullin dawo. A hanyar dawowa, kusa da Mai'aduwa, igiyar ta kwance, ya faɗo kan kwalta ya lotse a gefe guda. Kunya ta kama Alhaji. Don kada ya dawo mini da kaya a lalace, sai ya yi abin da kowane mutumin kirki a garin nan zai yi in ya ari kwanon maƙwabci ya lotsa shi: ya kai wa maƙeri. Maƙerin ya ɗora shi kan uwar maƙera ya bubbuge shi daga ciki har lotsawar ta ɓace, ya ƙara zagaye shi duka don ya yi daidai, sannan ya goge shi da toka da tsamiya. Washegari Alhaji ya shigo da shi da kansa, naɗe cikin farin ƙyalle, yana murmushi.

"Ga amanarka. Ka duba, ya ma fi da kyau."

Ya fi da kyau kam, yana ta ƙyalli. Ni dai na nemi kujera na zauna. Ƙarfen da aka buga da guduma miƙewa yake yi, wannan ko ɗan koyo ya sani. Bayan ya fita na cika shi da ruwa na ɗora a sikeli, na gwada da nauyin da ke cikin takardarsa ta Legas. Na zubar na sake, na sake kuma, ina roƙon Allah ya sa ni ne na yi kuskure. Cikinsa ya ƙaru da abin da ya kai tafin hannu guda na gero. Na ɗaura masa jan ƙyalle alamar kada a yi aiki da shi, na rubuta wa kwamiti cewa sai an mayar da shi Legas an sake gwadawa, kafin nan a ci gaba da aiki da 'ya'yansa, tunda su ba abin da ya same su.

Alhaji bai ji daɗin wannan ba ko kaɗan. Jama'a sun riga sun ga mudu mai ƙyalli a Kwangwalam, an yi kabbara a kansa, har an fara kiransa mudun Shari'a. Ya ce yaya za a yi ya koma ya ce wa mutane mudun da aka yi wa kabbara yana da aibi, masu jiran a yi kuskure su sami abin dariya? Na ce ranka ya daɗe, ai ga 'ya'yan nan, a gwada su da shi a gani, ba su yi daidai ba. Aka gwada, ba su yi daidai ba. Sai ya dube ni ya ce ai ga amsa nan, in ɗa ya saɓa wa uba, ɗan ne ke da gyara. 'Yan kwamiti suka gyaɗa kai. Wallahi na yi bayani har muryata ta dushe, amma kamar da bango nake magana.

Ranar kasuwar Daura da ta biyo baya suka fita bincike da shi, sun kwance jan ƙyallen. Na ƙi riƙe hatimi, amma na bi su, ina tunanin ko zan iya tsayar da abin a hanya. Yadda ake gwajin ba wuya: a cika mudun ɗan kasuwa da gero, a share bakinsa da sanda, a juye cikin mudun kwamiti. In ya cika, an wuce. In bai cika ba, an kama.

A nan ne abin da ban hango ba ya faru. Kowa a kasuwar hatsi ya san cewa masu ha'inci mudu biyu suke ajiyewa, babba na saye daga hannun manoman Zango da Mashi, ƙarami na sayarwa ga matan gari. Da suka hango kwamiti, kowa ya tura ƙaramin ƙarƙashin buhu ya fito da babban. Babban kuwa ya cika mudun Alhaji har yana zuba, aka yi ta sa musu albarka. Yaya Sale mudu ɗaya gare shi tun da ya fara awo, da shi yake saye da shi yake sayarwa, kuma abin alfaharinsa ke nan a duniya. Ina daga nesa ina yi masa alama da hannu ya dakata, shi kuwa ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga mini hannu. Bai ma jira an zo rumfarsa ba, ya taso da mudunsa yana fara'a.

"Ku zo ku gwada nawa, Alhaji. Yau dai Allah ya kawo ranar da muke jira."

Aka cika, aka share, aka juye. Geron ya tsaya ƙasa da baki, da tazarar da ta kai kaurin yatsa. Yaya ya leƙa cikin mudun, ya leƙa nasa ko akwai saura, ya buga gindinsa da tafin hannu, ba ko ƙwaya. Na kutsa cikin mutane ina cewa a tsaya, mudun kwamiti ne ya buɗe, maƙeri ya buge shi, ga hatiminmu nan a jikin na Yaya. Alhaji ya bari na gama, sannan ya yi magana a hankali, amma lasifikar da kwamiti ke yawo da ita tana kusa da bakinsa.

"Malam Haruna, ba kai ka koya mana cewa mai awo ba ya sa baki a kayan ɗan'uwansa ba? Wannan ba yayanka ba ne, uwa ɗaya uba ɗaya?"

Ni na koya musu, da bakina. Na waiga ina neman Malam Iro, tunda shi ya buga hatimin, shi ke da ikon magana. Yana tsaye a bayan 'yan kwamiti yana kallon ƙasa, bai ɗago ba. Aka ambaci sunan Yaya a lasifika tare da nasiha a kan azabar masu tauye awo. Ba a kai shi kotu ba, an ce an yi masa sassauci don tsufansa. Mudun nasa kuwa aka ɗora a kan dutse aka murƙushe da guduma kamar yadda aka yi wa sauran da aka kama, don kada a sake awo da shi. Ina kallo abu ɗaya tak da zai iya wanke shi ya zama faifai.

Da yamma gidanmu ya cika da murya. Inna, kakarku, tana zaune bakin ƙofar ɗakinta tana faɗin cewa ita ba ta haifi ɓarawo ba, kuma ba ta haifi wanda zai tsaya a ci mutuncin yayansa ba, in zaɓi ɗaya in gaya mata wanne ne ƙarya. Matar Yaya tana kuka tana cewa gobe da wane ido za ta shiga gidan suna. Hajara ta kawo mini tuwo ta ajiye, ta ce, "Malam, duk boko da takardun nan naka, ba wadda za ka nuna?" Na ce akwai. Ta ce, "To wa zai karanta?" Shi kuwa Yaya tashi ya yi ya ɗauki buta. Ya yi alwala ya yi sallarsa a tsakar gida, bai fita masallaci ba, abin da ban taɓa gani ba tun ina yaro.

Na yi abin da zan iya. Na je ofishin manyanmu a Katsina, na koma, na sake komawa, har masinjan ofishin ya fara ce mini Daura ta iso. Kowa sai ya saurare ni da kyau, ya ce gaskiya ne, amma lokacin bai dace a taɓa wannan maganar ba. Na sami Malam Iro a gidansa na roƙe shi ya faɗi abin da ya sani ko a gaban mutum uku ne. Ya riƙe hannuna yana hawaye ya ce yana da 'ya'ya ƙanana, in yafe masa. Daga baya aka ce ina yi wa aikin addini zagon ƙasa don son zuciya, aka ɗauke ni daga ɗakin awo aka mayar da ni sito ina ƙirga tsintsiya da bokiti. Maƙera suka shiga ƙera sababbin mudu a kan ƙirar wanda ya buɗe, manomi na ƙara tafin hannu a kowane awo bai sani ba. Ɗakin da na yi rabin rayuwata ina hana ƙura shiga, kafin damina ta zagayo an buɗe tagoginsa an zuba buhunan taki. Wata rana na wuce na ga an tokare ƙofar da ɗaya daga cikin duwatsun awon, ya yi kore.

Duk wannan zan iya haɗiyewa. Abin da ya karya ni shi ne abin da ya sami Yaya. Ya daina zuwa kasuwa, ya koma sahun baya a masallaci, mutumin da ladan ke tararwa a bakin ƙofa. Bayan wasu watanni Hajara ta ce mini ana ganinsa da la'asar da ƙullin gero a kafaɗa yana shiga lunguna. Na bi shi wata rana, na tarar da shi a ƙofar gidan wata tsohuwa mai fura da ta daɗe tana awo a wurinsa, yana aika mata da gero yana cewa a ce mata haƙƙinta ne. Ashe gida gida yake bi, duk wanda ya tuna ya taɓa saya a hannunsa. Na ja shi gefe, raina a ɓace.

"Yaya, me kake yi haka? Kai da kanka kake tabbatar musu?"

"Haruna, na gani da idona. Bai cika ba."

"Nasu ne ya buɗe! Na auna da ruwa, na sake aunawa. Mudunka cikakke ne, wallahi cikakke ne."

Ya dube ni da irin kallon da yake yi mini ina yaro in na yi ƙaryar ban sha nonon da Inna ta ajiye ba. Ya ce, "Kai ƙanina ne, dole ka faɗi haka, Allah ya yi maka albarka. Amma in kai ne ka yi kuskure fa? Mutum nawa na auna wa tun kafin a haifi Nasiru? Ba kai za a tambaya a kabari ba."

Mutumin da ya yi imani ya ci haƙƙin mutane, ba wani gwajin ruwa da sikeli da zai fitar da shi. Da mudunsa na nan, da na zaunar da shi na gwada a gabansa, ya gani da idonsa kamar yadda ya ga na farko. Haka na zuba ido rumbunsa ya ƙare, ya shiga na shekara mai zuwa, jikinsa ma yana ƙarewa tare da shi. Mutane kuwa suna karɓa. Wasu don kunya, wasu don sun yarda, wasu don gero gero ne. A lokacin na daina addu'ar Allah ya bayyana gaskiya a kasuwa, na koma roƙon ya bayyana ta a zuciyar mutum ɗaya kawai. Wannan ma ban samu ba.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ranar da ya ji jikinsa ya yi nauyi ya sa aka kira ni da hantsi, ya kori kowa daga ɗakin. Ya ce akwai mutanen ƙauye da na Nijar da ya auna wa, bai san gidajensu ba, wasu ma sun mutu. Ya ce in an ajiye shi za a yi masa salla, lokacin da ake tambayar ko akwai mai binsa wani abu, ni zan tashi in roƙa masa gafarar duk wanda ya tauye wa awo. Na ce Yaya, ka sa wani. Ya ce a'a, ni ne ma'aikacin awo, ni za a yarda da ni. Na ce ba zan iya faɗin abin da na san ƙarya ne a kanka ba. Ya kama hannuna, hannunsa ba nauyi ko kaɗan, ya ce wasiyya ce, in ina son ya kwanta da sauƙi in ce na ɗauka. Na ce na ɗauka. Ya rasu washegari.

Daga gida zuwa inda aka ajiye makara ba nisa, amma ban taɓa tafiya mai tsawonta ba. In na yi shiru, na ci amanar mamaci. In na faɗa, na buga wa ƙaryar hatimi da bakina, ni da na ƙi buga mata da hannuna har na rasa aikina. Liman ya juyo ya tambaya ko akwai mai magana. Na tashi. Na yanke shawarar in faɗi nasa, in faɗi nawa.

Na ce, "Jama'a, yayana ya bar wasiyya in roƙa masa gafarar duk wanda yake ganin ya tauye masa awo. Na isar. Ni kuma ina shaida a gaban Allah cewa..."

Ban kai ƙarshe ba. Wani daga baya ya ɗaga murya ya ce mun yafe, na kusa da shi ya amsa, sai sahu duka ya ɗauka, mun yafe, mun yafe, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Da zuciya ɗaya suke faɗa, wasu har da hawaye. Na hango masu mudu biyu a sahun gaba, su ma suna yafewa. Na ƙarasa maganata, na ce mudunsa cikakke ne, amma ko wanda ke kafaɗa da ni bai ji ba, liman ya riga ya ɗaga hannu ya yi kabbara.

Nasiru, kana wurin, kana tsaye kusa da ni, ka ji rabin farko kamar kowa. Ga sauran rabin nan na rubuta maka. Ubanka bai taɓa tauye wa kowa ko ƙwaya ba, garin nan ya taru ya yafe masa abin da bai yi ba, kuma ya tafi bai sani ba.